Ranar da Koci Maliki Ya Hau Rumbunsa

Duk wanda ya taɓa shan shayin safe a bakin tashar Illela ya ji labarin yadda Maliki ya hau duwatsun Agadas, ko yana so ko ba ya so. Labarin ba ya tsufa, sai dai dutsen ya ƙara tsayi. A shekarar farko tsayin bene ne, ana shiga ta uku ya fara taɓo girgije, daga baya har Maliki kan ce da ya kai ƙoli sai da ya sunkuya jirgin sama ya wuce. Mu kuwa mutanen gari, da yake ba mu da abin yi kafin kasuwa ta ci, mukan gyaɗa kai mu ce Allah mai iko, mu miƙa kofi a ƙara mana.

Gaskiyar maganar ba ta da tsawo. Shekaru da dama da suka wuce wani direba ya ɗauke shi karen mota, suka kai wasu Turawa biyu arewacin Nijar. Turawan masu wasan hawan dutse ne da hannu da ƙafa, babu igiya babu tsani, sai katifa da ake shimfiɗawa a gindin dutsen saboda faɗuwa. Aikin Maliki a tafiyar shi ne jan katifar. Ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba, domin tun yana ƙarami in ya hau jaki ya dubi ƙasa jiri ke kwasarsa.

To, bana sai ya ga a waya cewa a manyan birane mutane na biya a koya musu wannan wasa. Ya kwana uku yana kallo, rana ta huɗu ya iso teburin shayi ya sanar da cewa zai buɗe Makarantar Hawan Dutse ta Illela, kuma daga yau a riƙa kiransa Koci. Sirajo tela, wanda shagonsa ke daura da teburin, ya ajiye burodi ya tambaye shi mi za a hawa, tunda a unguwarsu ko dutsen niƙa sai an sawo.

"Wanga shi na bambancin mai ilimi da tela," in ji Maliki. "Sabon shiga ba shi hwarawa da dutse. Yatsu na hwarko, sannan ƙahwa. Dutse shi ka biyo mutum daga baya."

Abin da ya rage shi ne jari, jarin kuwa yana tsaye a bayan gidansa, a filin da rumbunan unguwa ke jere. Rumbun Maliki ya fi kowanne kyau. Na laka ne, mai ciki kamar tulu, a zaune kan duwatsu, bakinsa can sama an kifa masa hular ciyawa, ga 'yan duwatsu an kakkafa a jikinsa don takawa. Surukinsa ne ya gina masa, Baba Maccido na Tozai, wanda ya shekara hamsin yana ginin rumbu, a shekarar da ya ba shi auren 'yarsa Tayyiba. Da kaka an cika shi da damman gero har wuya, aka liƙe bakin da laka. A al'adar gidan ba a fasa wannan liƙi sai ruwan shuka ya sauka, kafin nan hatsin da ke buhuna a ɗaki ake ci. Mace ba ta leƙa rumbun miji, maƙwabci ba ya tambaya. Abin da ke ciki tsakanin mai shi ne da Allah da ɓeraye.

Wata Lahadi Tayyiba ta tafi suna garin Amarawa da yara, unguwa kuma ta watse kasuwa, sai ga wani ɗan kasuwa daga Ƙwanni da amalanke uku da 'yan dako. Suka kafa tsani, suka kwashe geron tas, suka shafa 'yar laka a bakin suka mayar da hular. Maliki yana ƙasa yana ba da umarni, don ko rumbun nasa bai taɓa hawa ba. Ya ce wa zuciyarsa aro ne ya yi, kafin ruwa ya sauka makaranta za ta cika rumbun sau biyu. Zuciyar ta ce masa, kai Maliki, abincin daminar iyalinka ne fa ya bi hanyar Ƙwanni. Ya ce mata ta yi shiru, ba ta san harkar wasanni ba.

Ya sawo katifa biyu, da takalman roba masu matse ƙafa, da jan wando, da usur, ya sa aka rubuta masa allo. Da Tayyiba ta dawo ya ce mata tsofaffin abokansa Turawa ne suka aiko masa. Ta dubi katifun, da ledar kasuwar Illela a jikinsu, ta ce Allah ya saka musu da alheri, ta shige madafa.

Ɗalibai biyu ya samu. Na farko Sirajo ne da kansa, siriri kamar sillan kara, wanda zaman keken ɗinki ya sa wa ciwon baya, Maliki kuma ya rantse masa hawa na warkar da shi. Na biyu Malam Sharafuddeen, akawu a sakatariya, mutum mai jiki, wanda likita ya ce wa ko ya rage tumbi ko tumbi ya rage shi. Sharafuddeen mutum ne mai son tsari. Ranar farko da littafi da biro ya zo, duk abin da Koci ya faɗa sai ya rubuta ya ja masa layi.

Darasin farko rataya ne. Koci ya bayyana cewa mutum zai kama abu da yatsu, ya saki jiki hannu a miƙe, ya ƙirga goma, ya huta, ya sake. Azarar rumfar shagon Sirajo aka zaɓa. Sharafuddeen ya roƙi Koci ya gwada musu tukuna, Koci ya ce likita ba ya shan maganin majinyaci, ya busa usur. Sirajo ya rataya, ya kai huɗu, ya sauko yana hura yatsu. Sharafuddeen ya yi bisimilla ya kama. Ana cewa biyu azarar ta yi ƙara, ana cewa uku ta biyo shi ƙasa da rumfar gaba ɗaya, da kayan angwaye bakwai da Sirajo ya rataye don a zo karɓa da yamma. Masu wucewa suka tsaya suna tono akawu daga ƙarƙashin zana da manyan riguna. Maliki ya dubi agogo ya ce ba laifi, uku a ranar farko ci gaba ne, a Turai ma da wuya a samu.

Sannan ya tuna Turawan nan na shafa wani farin gari a hannu don kada gumi ya sa su zame. Ya zaga kasuwa bai samu ba, sai ya auno garin rogo ya zuba wa kowa a 'yar jaka ya ɗaure a ƙugu. Tun daga ranar duk inda makaranta ta nufa awakin unguwa na biye da ita. Mutane suka fara cewa ɗaliban Koci sun ƙaru, kuma sababbin sun fi tsofaffin hazaƙa.

Darasi na biyu na ƙafa ne. Koci ya ce ƙafa ke hawa, hannu rakiya yake yi, kuma gwani in ya taka ba a jin motsinsa. Sharafuddeen ya rubuta ya ja layi biyu. Sai dai ana bukatar bango, Maliki kuwa ya zaɓi wata tsohuwar katanga mai ƙulle-ƙulle a lungun bayan masallaci, bai tsaya tambayar ta gidan wa ce ba. Aka shimfiɗa katifa. Shi Koci ya tsaya a ƙasa da hannuwa a sama, ya ce aikinsa tare mai faɗowa.

Abin mamaki, Sirajo ya iya. Ya taka nan, ya kama can, kafin a ankara kansa ya ɓullo saman katanga. Gidan kuwa na Hajiya Baraka ne mai ƙuli-ƙuli, tsakar gidan cike da mata ana kitso, kowacce kai a buɗe. Sirajo ya rasa abin cewa, sai ya yi musu sallama. Muciyar da Hajiya ke juya tunkuza da ita ce ta amsa masa. Ya saki katanga ya taho. Koci mai tare mai faɗowa ya dubi abin da ke tahowa, ya ja da baya taku uku don ya ga faɗuwar da kyau. Katifar kuma wani bunsuru ya riga ya hau yana lasar garin rogon da ya zube, a kansa Sirajo ya sauka, su biyun suka yi kuka iri ɗaya.

Kafin azahar suna gaban mai unguwa. Hajiya Baraka ta tsaya daga zaure da muciyarta, ta ce ita tambaya ɗaya gare ta.

"Mai hawan katanga da rana tsaka, ko ɓarawo na ko ƙadangare. Wanne na ɗalibinka?"

Maliki ya gyara jan wandonsa ya yi bayanin cewa wasa ne na duniya, a Turai wanda ya kai ƙoli lambar zinare ake rataya masa. Hajiya ta ce ai ita ma ta rataya wa ɗalibinsa tata, ya shafa goshinsa ya ji. Mai unguwa ya danne dariya da gefen rawani, ya yanke hukunci cewa daga yau duk mai son hawa ya hau abin da yake nasa, wanda kuma aka sake gani a bangon wani, da dogari za su yi darasi na uku.

Makaranta ta koma gudu da tsalle-tsalle a fili, ɗalibi na uku bai zo ba. Rani ya yi nisa, zafin bazara ya shigo, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Duk leƙowar da ya yi sai Maliki ya tuna babu komai a rumbunsa. Da yake tsoro ba ya hana shi magana, sai ma ya ƙara masa, ya shiga yabon rumbunsa a teburin shayi ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce a cike yake har ba ya numfashi, ko raƙumi ya jingina da shi ba zai motsa ba.

Abu ɗaya ya faranta masa rai a watannin nan: tumbinsa ya sauka. Sau biyu ya kai bel ɗinsa wurin baduku aka ƙara masa huda. Yakan ɗaga riga a teburin shayi ya nuna, ya ce ga amfanin horo, mutum ko bai hau komai ba ilimin kaɗai na narkar da kitse. A gida ma yakan faɗa wa Tayyiba haka in ta kawo tuwo, ita kuwa ta ce madalla. Wata rana tana shara ta ce masa ɓeraye sun yi yawa a ɗaki bana, har cikin tukwane suke kwana. Ya ce ta sa tarko, ya ci gaba da goge takalman robarsa.

Malam Sharafuddeen ne ya ɗaure shi, kuma da kyakkyawar niyya. Ya iso wata safiya da fara'a ya ce ya samo mafita. Mai unguwa ya ce kowa ya hau nasa, to ga rumbun Koci, ga matakai a jikinsa, ga shi a cike yadda ko raƙumi ba ya motsa shi. Har ya buga takardun gayyata na bikin yaye ɗalibai ranar Asabar, ya raba, da shaidar kammalawa guda biyu, kuma a tsarin biki Koci ne zai buɗe fage da hawan gwaji.

Maliki ya ce gwiwarsa na ciwo, Sirajo ya ce ai hawa na warkarwa, shi ya faɗa. Ya ce sai an nemi izinin hukumar wasan ta duniya, Sharafuddeen ya ce ya kawo adireshi ya rubuta musu yau. Ya ce akwai zafi, mai shayi ya ce wanda ya sunkuya wa jirgin sama a Agadas ba zafin Illela zai hana ba. Teburin duk ya zuba masa ido. Maliki ya ji bakinsa na cewa to Allah ya kai mu, shi kuwa a ransa yana tsine wa bakin.

Asabar da hantsi filin rumbuna ya cika. Mu mutanen Illela ba a gayyatarmu kallo sau biyu. Masu rake da masu ruwan sanyi suka kafa sana'a, mata suka jeru a bakin darni, Hajiya Baraka ta sa aka kawo mata kujera a gaba. Aka shimfiɗa katifu a gindin rumbu, aka kori awaki suka dawo. Maliki na cikin jan wando yana miƙe-miƙen jiki, yana addu'ar Allah ya kawo guguwa, sai ya hango amalanken jaki ɗauke da laka, da wani tsoho siriri a kai. Baba Maccido ne ya zo yaɓen da yakan yi wa rumbun kowace shekara kafin ruwa.

Duk wanda ya san Baba Maccido ya san yadda yake fara aiki. Ba ya taɓa laka sai ya zaga rumbu yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, kunne a jingine. Daga amon yake gane inda ya tsage, yake kuma gane inda hatsi ya tsaya a ciki, ba ya kuskure ko da taƙi ɗaya.

Maliki ya tuɓe takalman roba da ƙyar, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Tozai gida-gida, ya tambayi na Darna Sabon Gari da ba su haɗa komai ba, har jakin sai da ya tambayi lafiyarsa. Tsoho ya amsa duka da haƙuri. Da gaisuwa ta ƙare ya miƙe ya nufi rumbu, ya lanƙwasa yatsa.

Maliki ya busa usur. Ya ce a yi masa aikin gafara, Baba, amma dokar wasa ta hana kowa taɓa dutse kafin mai hawa. Bai jira amsa ba ya daka tsalle ya rungume rumbun, ko takalman bai mayar ba. Masu magana sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Takun farko, rumbu ya amsa da wani amo mai zurfi kamar an buga ganga. Maliki ya daskare. Ya waiwayo ya ce jama'a su tafa, haka ake yi a Turai, kuma kada a daina sai ya kai. Muka kuwa shiga tafi bilhaƙƙi, mai rake ma ya ajiye wuƙa. Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Baba Maccido ya karkata kai gefe guda, ya lumshe ido.

Yadda Koci ya hau rumbun nan bai yi kama da abin da ke littafin Sharafuddeen ba. Ido a rufe, ciki manne da bango, hannu ke ja, ƙafa na harbin iska, gwiwa da haɓa duk sun shiga aiki. Amma tsoron suruki ba ƙaramin tsani ba ne. Ya ture hular ciyawa ta faɗo, ya ja jiki ya zauna daram a kan liƙin bakin rumbu. Fili ya ɗauki sowa. Maliki ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, har ya fara yarda da labarin Agadas. Sai ya buɗe ido ya dubi ƙasa.

Ƙasa ta yi masa nisa, kawunan mutane suka fara zagaya shi. Ya riƙe gefen bakin da hannu biyu, ya ce a ransa, to Maliki, ga ka a sama, wa ya koya maka sauka? Turawan nan tsalle suke yi su faɗa katifa, shi kuwa daga nan katifar ba ta fi faifai ba. Sai ya gyara murya ya ce zai gabatar da jawabi. Ya yi magana kan tarihin wasan, ya yi kan amfanin yatsu, ya gode wa mai unguwa, ya gode wa awaki. Rana ta take. Sirajo ya ɗaga murya ya ce Koci ya sauko hakanan a ba su shaidarsu. Koci ya ce sauka darasin zango na biyu ne, ba a kai can ba. Hajiya Baraka ta ce a miƙa masa tabarma da buta, da alama can zai tare.

Sharafuddeen ne ya ji tausayin malaminsa. Ya ce ba ya yiwuwa Koci na cikin rana babu ruwa, ga shaida kuma na jiran sa hannu. Ya soke takardun a ƙugu, ya rataya gora, ya shafa garin rogo.

"Malam, kak ka hau," in ji Maliki. "Don girman Allah tsaya nan."

"Haba Koci, ai cike shike. Kai ka hwaɗi ko raƙumi."

Taku ɗaya, taku biyu, a na uku gwiwar akawu ta shige cikin bango kamar an taka ƙwarya. Rumbu ya girgiza. 'Yar lakar da 'yan dakon Ƙwanni suka shafa a baki ta ce ita ma ta gaji. Jama'a na kallo Koci ya nutse kamar guga a rijiya, jan wando ya ɓace, usur ya bi shi. Aka ɗan jima kafin a ji saukarsa, kuma kowa a filin nan manomi ne ko ɗan manomi, ya san ba haka mutum ke sauka kan damman gero ba. Sharafuddeen kuwa ya faɗo ta baya ya sauka a tsakiyar katifa lafiya lau. Ranar ce kaɗai katifar ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Gwiwar ta bar rami kamar faɗin tire. Sirajo ya matsa ya cusa kai, ya daɗe, ya fito. Aka tambaye shi mi ya gani.

"Koci na gani," ya ce, "da wata tsohuwar tsintsiya."

Daga ciki sai ga muryar Maliki, rumbu ya kumbura ta ta yi kauri, yana sanar da jama'a cewa abin da suka gani darasin faɗuwa ne, kuma da gangan ya yi. Ba wanda ya tafa. Baba Maccido bai leƙa ramin ba, ya ce shi tun takun farko ya ji abin da zai ji.

"Shekara hamsin ina ginin rumbu," ya ce, "ban taɓa ganin wanda anka cika da mai shi ba."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, amma ba ta daɗe ba. Ɗaya bayan ɗaya muka tuna cewa hadari na gabas, kuma gidan nan da yara. Mu da muka sha shekaru muna ƙara wa dutsen Agadas tsayi da gyaɗa kai, muka fara sulalewa kowa na duban ƙasa. Hajiya Baraka ma ta ɗauki kujerarta da kanta ta tafi.

Maliki ya ƙi fitowa. Ya zauna a duhun rumbu, ƙugu na zogi, yana duban hasken da ke shigowa ta baki can sama. Da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, ya ce wa kansa, ga shi yau ya samo wa karin maganar rumbu. Tsoho ya sunkuyo wajen ramin ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce yana da rumbu bakwai da zai yaɓe a Tozai da Darna kafin ruwa, yana neman mai hawa masa da laka, ladan kuma da damman gero ake biya, kai tsaye za a riƙa kawowa hannun Tayyiba. Gobe da asuba za a fara. Maliki ya ce to Baba. Wannan ce amsa mafi gajarta da aka taɓa ji daga bakinsa.

Da fili ya yi shiru sai ya ji takun da ya sani. Tayyiba ta tsuguna a bakin ramin da kwanon fura. Maliki ya share murya ya fara cewa ɓarayin zamanin nan sun ƙware, har liƙi suke mayarwa.

"Malam, bari," ta ce. "Tun randa ɓeraye sunka baro rumbu sunka dawo ɗakina na sani. Ɓera ba shi barin hatsi don son tukunya."

Ta ce ita ta aika wa Baba ya zo tun kafin ranar biki, don a yi maganar a cikin gida a rufa asiri, jakinsa ne ya yi nawa. Ya tambaye ta me ya sa wata uku ba ta ce masa komai ba. Ta ce mace ba ta leƙa rumbun miji, jira take ya buɗe mata da bakinsa. Abin da ta iya shi ne ta ja hatsin ɗaki ya kai su damina, kullum in ta auna sai ta mayar da tafi biyu cikin buhu, na yara ne kawai ba ta taɓa ba.

"Kai ko kana ta kai bel ga baduku," ta ce, "kana hwaɗin horo na."

Ta miƙo kwanon ta cikin ramin. Hasken rana ya sauka a kan hannunta, awarwaron da a da yake kama mata wuyan hannu ya zamo ya tsaya a bayan yatsunta. Maliki ya dubi hannun nan. Wata uku yana ɗaga riga a tasha yana nuna cikinsa, bai taɓa duban matar da ke ajiye masa tuwo ba. Kunya ta kama shi irin wadda dariyar fili duka ba ta sa masa ba, ya ji idonsa ya cika.

"Tayyiba," ya ce, "ban taɓa hawan dutsen Agadas ba. Katihwa nike ja."

"Na sani. Kai da ko bisa gado sai ka kwanta wajen bango."

Ya kurɓi furar sau ɗaya, ya turo kwanon waje ya ce ta sha, shi ya ƙoshi. Ta dubi kwanon, ta dubi inda Baba Maccido ke sauke laka daga amalanke, ta sake tura masa shi ciki.

"Shanye, Koci," ta ce. "Gobe akwai hawa."